Allura Cikin Ruwa: Labarin 'Yan Matan Velvelettes

  

Yau hirar tamu za ta yi nisan zango. Teku za mu ƙetare mu tafi Amurka, mu kuma koma baya zuwa shekarun 1960, mu leƙa rayuwar wasu 'yan mata biyar baƙaƙen fata da suka yi waƙa a wani kamfani da duniya ta san shi, amma su duniyar ba ta riƙe sunansu ba. Uwargida, in na ce miki Diana Ross, wataƙila kin taɓa jin sunan, ko da a bakin maigida ne ko a jikin wani tsohon kaset. In na ce Stevie Wonder ko Michael Jackson, nan ma za ki gyaɗa kai. To, in na ce Carolyn Gill fa? Ko Bertha Barbee? Shiru ke nan. Alhali kuwa duk a kamfani ɗaya suka yi aiki, wato kamfanin Motown na birnin Detroit, kuma makaɗan da suka yi wa Diana Ross kiɗa su ne suka yi wa waɗannan. Sunan ƙungiyar tasu Velvelettes. Daga kalmar Turanci ta karammiski aka samo sunan, saboda laushin muryoyinsu in sun haɗa su wuri ɗaya. Abin da nake so mu duba tare shi ne yadda aka yi murya mai wannan daɗi ta ɓace a kasuwa, da abin da masu muryar suka rasa, da kuma abin da suka tsira da shi.

Bari mu fara da kiɗan kansa, don ki san irin abin da muke magana a kai. Ana kiransa soul, kalmar da a Turanci take nufin rai ko ruhi. Asalinsa na baƙaƙen fatar Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, da yawansu ma daga wannan yanki namu na Afirka ta Yamma. A cikin coci-cocinsu suka adana salon waƙa na jagora da 'yan amshi: mutum ɗaya ya ba da waƙa, jama'a su karɓa, ana tafi ana buga ƙafa. Ke da kika saba jin zabiya tana zuba waƙa 'yan amshi suna karɓa mata, in kika ji soul ba za ki ji shi baƙo ba. A shekarun 1950 ne mawaƙa irin su Ray Charles da Sam Cooke suka ɗauko wannan salo na coci, suka sa masa kalmomin soyayya da na zaman duniya, suka kai shi kasuwa. Haka soul ya samu.

Shi kuwa birnin Detroit, a jihar Michigan yake, can arewacin Amurka, kuma garin ƙera motoci ne. Daga shekarun 1910 zuwa 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 ne suka baro jihohin kudu, inda wariyar launin fata ta fi tsanani, suka yi ƙaura zuwa biranen arewa da na yamma neman aiki. Da yawa a masana'antun mota na Detroit da Flint suka sami abin yi. A cikin 'ya'yan waɗannan baƙi akwai wani mai suna Berry Gordy, wanda shi ma ya taɓa aiki a layin haɗa motoci. A 1959 ya ranci dala 800 daga asusun danginsa ya kafa kamfanin waƙa. Ya sayi wani gida a titin West Grand Boulevard, ya mai da garejin gidan ɗakin ɗaukar murya, ya kafa allo a gaban gidan mai cewa nan ne garin waƙoƙin da suka ci kasuwa. Sunan Motown ɗin ma taƙaitawa ce ta "garin mota".

Gordy tsarin masana'antar mota ya kawo cikin waƙa. Akwai masu rubuta waƙa daban, akwai masu tsara ta daban, akwai makaɗan gida da ake kira Funk Brothers waɗanda su ne suke yi wa kowa kiɗa. Daga baya har aka ɗauki wata mata mai suna Maxine Powell tana koya wa mawaƙa tafiya da zama da yadda ake magana a gaban manya, da wani Cholly Atkins mai koya musu taku. Kowace Juma'a kuma akan yi zama a saurari sababbin waƙoƙi, a yanke wadda za a fitar da wadda za a ajiye. Ki riƙe wannan zama na Juma'a a ranki, domin a nan ne rabon mawaƙa da yawa ya tsaya.

To, mu dawo kan 'yan matanmu. Su ba 'yan Detroit ba ne. A 1961, a Jami'ar Western Michigan da ke garin Kalamazoo, ɗalibai biyu suka haɗu: Bertha Barbee, 'yar garin Flint mai karatun kiɗa, da Mildred Gill, 'yar Kalamazoo, ɗiyar wani fasto. Bertha ta jawo 'yar uwarta Norma Barbee, wadda take karatu a wata kwaleji a Flint. Mildred kuma ta jawo ƙanwarta Carolyn, wadda ake kira Cal, yarinya 'yar shekara 14 da ke makarantar sakandare, ita kuma Cal ta zo da ƙawarta Betty Kelley. Kin ga ke nan ƙungiya ce ta dangi da ƙawaye. Abin mamaki, ƙaramar cikinsu, wato Cal, ita aka ba jagorancin waƙa, don muryarta ta fi shekarunta girma. In kika ji ta a faifai ba za ki ce 'yar makaranta ce ba, sai ki ɗauka wata babbar mace ce da ta ga jiya ta ga yau.

Sun fara da waƙa a bukukuwan ɗalibai, har suka ci wata gasa a jami'ar aka ba su kyautar dala 25. A cikin waɗanda suka ji su akwai wani ɗalibi mai suna Robert Bullock, ɗan uwan Berry Gordy na jini. Shi ya ba su shawara su je Detroit a gwada muryarsu.

Tsakanin Kalamazoo da Detroit akwai tafiyar kilomita fiye da 200. A ƙarshen 1962, mahaifin su Mildred da Cal ya ɗebe su a motarsa, ana zuba dusar ƙanƙara, ya kai su da kansa. Ki lura da wannan, 'yar uwa. Uba ne malamin addini, bai ce musu a'a ba, bai kuma sake su su tafi su kaɗai ba. Da suka isa bayan doguwar wahala, sai mai karɓar baƙi ta ce musu ai ba a gwajin murya ranar Asabar, su koma. Sun juya za su fita ke nan rai a ɓace, sai ga William Stevenson, wanda ake kira Mickey, babban jami'in da ke kula da mawaƙan kamfanin. Ashe ya san Bertha da Norma, domin shekarun baya sun taɓa yin amshi a wani faifai da ya tsara. Ya tsai da su, aka saurare su, aka ɗauke su. Da Mickey ya makara da minti biyar, da labarin nan bai samu ba.

Faifansu na farko, "There He Goes", ya fita a 1963. Wani yaro makaho ɗan shekara 12 zuwa 13 ne ya busa musu ƙaramar sarewar baki a cikin waƙar, shi ne Stevie Wonder. Sai dai kamfanin bai fitar da faifan da sunansa ba, ta hannun wani ƙaramin kamfani mai suna IPG aka sake shi, kuma bai yi nisa ba.

Ga waɗanda ba su riski zamanin garmaho ba, bari in ɗan yi bayani. A lokacin, waƙa a ƙaramin faifai take fita, mai faɗin inci 7, yana juyawa sau 45 a minti ɗaya, waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowace ba ta cika wuce minti uku ba. In ƙananan faifan mawaƙi suka yi kasuwa, sai a tara masa waƙoƙi goma ko sha biyu a babban faifai, da hotonsa a jikin kwali. Babban faifan nan shi ne yake zama a gidajen mutane shekara da shekaru, shi ne yake sa a san fuskar mawaƙi. Mujallar Billboard kuma kowane mako takan fitar da jerin waƙoƙi 100 da suka fi kasuwa a Amurka, kowa a nan yake auna kansa.

A 1964 aka haɗa Velvelettes da wani matashin mai tsara waƙa, Norman Whitfield, wanda a lokacin shi ma neman suna yake yi. Shi da Mickey Stevenson suka rubuta musu "Needle in a Haystack". Ma'anar sunan ita ce allura a cikin tarin ciyawa, abin da mu za mu ce allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Waƙar gargaɗi ce daga mace zuwa ga 'yan uwanta mata: ku yi hattara da samari masu zaƙin baki, namijin kirki wuyar samu gare shi. In kin saurare ta za ki ji ganga tana tafiya da nauyi, ana tafi, ana buga ƙafa, Cal tana ba da waƙa da murya mai kauri kamar yaya tana yi wa ƙanne faɗa, 'yan amshi kuma suna biye da ita ba sa barin ko taƙi. Waƙar ta kai ta 45 a jerin Billboard. Wani abin da ya rage mata armashi shi ne, a daidai wannan lokaci mujallar ta dakatar da jerin da takan ware wa kiɗan baƙaƙen fata, daga ƙarshen 1963 har zuwa farkon 1965. Wato ma'aunin da zai fi nuna ƙarfinta a wurin mutanenta ba ya nan.

A Disamba 1964 sai ga "He Was Really Sayin' Somethin'", wadda Whitfield da Stevenson da Eddie Holland suka rubuta. Ita wannan ta raha ce. Budurwa ce take ba da labarin saurayin da ya biyo ta a hanya yana zuba mata kalamai, tana basarwa tana kuma saurare, har maganar tasa ta shige ta. Fiyano ne yake buɗe ta da gudu, 'yan amshi suna wasa da wasu sautuka marasa ma'ana waɗanda in sun shiga kunnenki sai ki wuni kina maimaitawa a kicin. Ta kai ta 64 a babban jeri, ta kuma kai ta 21 a jerin kiɗan baƙaƙen fata da aka dawo da shi. A 1965 suka fitar da "Lonely Lonely Girl Am I", waƙar kaɗaici ce amma kiɗanta mai sauri, irin wadda mace za ta taka rawa hawaye na zuba. Masana wannan kiɗa da yawa suna ganin ita ce mafi kyau a duk abin da suka yi. A shekarar dai suka yi "A Bird in the Hand", wadda saƙonta shi ne namu na ƙwai a baka ya fi kaza a akurki: ki riƙe wanda yake hannunki. Na ƙarshe shi ne "These Things Will Keep Me Loving You" a 1966, wadda Harvey Fuqua da Johnny Bristol suka tsara, mai sanyi, mai taushi, ta mace da ke lissafa ƙananan kyautatawar da suke riƙe so. Ƙananan faifai 6 ke nan tsakanin 1963 da 1966. An shirya fitar musu da babban faifai, amma bai fito ba.

Yanzu ga tambayar: me ya hana su tashi? Murya akwai, waƙoƙi masu kyau akwai, mai tsara musu waƙa kuma shi ne wanda daga baya ya yi wa Marvin Gaye "I Heard It Through the Grapevine", ya yi wa Temptations "Papa Was a Rollin' Stone". Dalilan suna da yawa, amma bari in kawo miki manyan.

Na farko, makaranta da nisa. Iyayensu sun tsaya kai da fata cewa karatu ne gaba. Don haka sai a ƙarshen mako ko lokacin hutu suke zuwa Detroit a ɗauki murya, su koma aji ranar Litinin. Su kuwa Supremes, ƙungiyar su Diana Ross, 'yan cikin gari ne. Kullum suna gidan kamfanin, in ana neman mai tafi su yi, in ana neman 'yar amshi su yi. In marubuci ya gama sabuwar waƙa ya waiwaya, wa zai gani? Wadda take zaune a falo. Hausawa sun ce ido wa ka raina, wanda nake gani kullum, amma a kasuwar waƙa wanda ake gani kullum shi ake ba aiki.

Kada kuma ki ga laifin iyayen nan da sauri. Yawon waƙa a Amurkar wancan lokaci ba wasa ba ne ga 'yar baƙar fata. A 1962, da Motown ta ɗebi mawaƙanta a bas zuwa jihohin kudu, akwai wuraren da aka hana su abinci da makewayi saboda launin fatarsu, a Birmingham ta jihar Alabama ma har harbin bas ɗin aka yi. Sai a Yuli 1964 aka sa hannu a dokar da ta haramta wariya a otal da gidan abinci, kuma doka a takarda daban, halin mutane daban. Wace uwa ce za ta saki 'yar shekara 15 a irin wannan hanya hankalinta kwance?

Na biyu, lokaci. Supremes sun yi shekara uku suna fitar da faifai ba ya ciwuwa, har ana yi musu ba'a a kamfanin. Sai a Agusta 1964 waƙarsu "Where Did Our Love Go" ta hau ta ɗaya, daga nan suka jera waƙoƙi 5 a jere kowace ta ɗaya. Wata guda bayan wannan hawa ne aka saki "Needle in a Haystack". Kin ga an fito da fitila a lokacin da rana ta take. Kuɗin talla, da shiga talabijin, da manyan marubuta, duk aka karkata su wajen Supremes. Ga Martha da Vandellas, ga Marvelettes waɗanda su suka fara kawo wa kamfanin ta ɗaya a 1961. Ƙungiyoyin mata huɗu a gida ɗaya, dole wata ta zama 'yar bora.

Na uku, Motown tana da rassa, kowane da tambarinsa a jikin faifai. Akwai Tamla, da Motown, da Gordy, waɗanda su ne manya. Akwai kuma V.I.P., wanda duk da girman sunansa shi ne reshen da ba a cika kashe wa kuɗi ba. A nan aka ajiye Velvelettes. Waƙoƙi da dama da suka ɗauka kuma ba su tsallake zaman Juma'a ba, aka sa su a ma'ajiya aka rufe.

Na huɗu, kamfanin da kansa ya riƙa ɗiba daga cikinsu. A 1964 aka ɗauke Betty Kelley aka kai ta Vandellas don ta maye gurbin wata da ta bari. Su Bertha da Norma da Mildred kuma aure da renon yara suka sa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Cal ta nemo wasu biyu, Sandra Tilley da Annette McMillan, ta ci gaba da riƙe sunan. A 1969 ita ma Sandra aka kai ta Vandellas. A shekarar Cal ta auri Richard Street, wanda daga baya ya shiga Temptations, ƙungiyar ta watse. A 1972 kamfanin ma ya tattara ya bar Detroit ya koma Los Angeles.

Da a nan labarin ya ƙare, da sai mu ce Allah ya kyauta mu rufe. Amma waƙa tana da ƙafa. A arewacin Ingila, a garuruwan masana'antu irin su Manchesta da Wigan, wasu matasa Turawa 'ya'yan leburori sun kamu da son kiɗan soul mai sauri na shekarun 1960. Sukan taru a ɗakunan rawa su kwana suna takawa, kuma abin alfaharinsu shi ne faifan da ba kowa ya san shi ba. Har Amurka ake zuwa a tono tsofaffin faifai a rumbunan 'yan kasuwa. Wannan harka ita ake kira Northern Soul, wato soul na arewa, kuma shahararren ɗakinsu, Wigan Casino, ya yi aiki daga 1973 zuwa 1981. A wurin waɗannan matasa Velvelettes sarauniyoyi ne. A 1971 aka sake fitar da "These Things Will Keep Me Loving You" a Ingila ta kai ta 34, shekara biyar bayan an yi ta, lokacin masu waƙar suna gidajensu suna fama da goyo da aikin albashi.

Sai kuma 1982. Wasu 'yan mata uku Turawan Ingila masu suna Bananarama, tare da wata ƙungiyar maza, Fun Boy Three, suka sake rera "He Was Really Sayin' Somethin'" da ɗan gajarta suna. Ta kai ta 5 a Ingila, matsayin da masu asalin waƙar ba su taɓa kaiwa ba a ko'ina. Yara da yawa a Turai sun tashi suna ɗauka waƙar Bananarama ce.

A nan nake so ki buɗe kunne, 'yar uwa, ko da ba ruwanki da waƙa. Da aka sake rera waƙar nan ta yi kuɗi, wa kike jin ya samu? A ƙa'idar wannan sana'a, in wani ya sake rera waƙa, wanda ya rubuta ta da kamfanin da ya mallaki rubutun su ake biya. Wadda ta fara rera ta, ta sa mata rai har aka so ta, ba ta da kaso a sabon faifan. Marubutan nan uku maza ne, kamfanin da ke riƙe da rubutun kuma, Jobete, na Berry Gordy ne. Ko a nasu faifan ma, abin da mawaƙa suke samu a wancan zamani ɗan kaɗan ne cikin ɗari, kuma sai an cire kuɗin ɗaukar murya tukuna. A gidan Motown ɗin akwai wasu mata uku da ake kira Andantes, Jackie Hicks da Marlene Barrow da Louvain Demps, waɗanda suka yi amshi a dubban waƙoƙi, har da na manyan taurarin kamfanin, amma ba a rubuta sunansu a jikin faifan. Aikin mace ya shiga ko'ina, sunanta ya tsaya a bakin ƙofa. Don haka ko ɗinki kike yi, ko rubutun littafi, ko girkin sayarwa, ko kina da 'ya mai wata baiwa, ki riƙa tambaya tun kafin a fara: sunan wa za a sa, wa ya mallaki abin, in ya yi albarka gobe wa za a biya? Kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba, in kuma ba a gane ta ba a nemi wanda ya sani ya duba. Kunya ba ta biyan kuɗin makaranta.

To, su fa 'yan matan namu, ina suka kwana? A nan ne karatun da ya rage musu gudu ya biya su. Bertha ta kammala jami'a har ta ƙara digiri na biyu, ta yi shekaru tana koyar da kiɗa a makarantun gwamnati na Kalamazoo, yara masu yawa suka bi ta hannunta. Mildred ta zama ma'aikaciyar jinya. Norma da Cal su ma kowace ta kama aikinta ta riƙe gidanta. Ki gwada wannan da labarin Florence Ballard, wadda da ita aka kafa Supremes, ta hau ta ɗaya sau da yawa, aka cire ta daga ƙungiyar a 1967, ta shiga talauci har ta koma karɓar tallafin gwamnati, ta rasu a 1976 tana da shekara 32. Ba ina cewa ɗaukaka ce ta kashe ta ba, ba kuma ina cewa duk wadda ta bi waƙa haka za ta ƙare ba. Abin da nake nuna miki shi ne, ranar da kamfani ya juya baya, wadda take da abin yi a hannunta ita take tsayawa da ƙafarta.

A 1984 su huɗun, 'yan gidan Gill biyu da 'yan gidan Barbee biyu, suka sake haɗuwa suka yi waƙa a wani taro a Kalamazoo. Daga nan gayyata ta fara zuwa, har daga Ingila, inda suka tarar da jama'a sun haddace waƙoƙin da su suka ɗauka an manta. Wani Bature mai tsara waƙa, Ian Levine, ya ɗauki muryarsu, a 1990 suka fitar da babban faifai mai suna "One Door Closes". A 2004 kuma aka buɗe ma'ajiyar Motown aka fitar da faifan sidi guda biyu masu ɗauke da waƙoƙinsu fiye da 40, da yawa a ciki ba a taɓa jin su ba sai a lokacin, bayan shekara 40 suna kulle. Masu saurare suka riƙa mamakin yadda aka yi irin waɗannan waƙoƙi suka kasa tsallake zaman Juma'a. Matan nan sun ci gaba da hawa dandamali tare har tsufa, abin da ƙungiyoyin zamaninsu kaɗan ne suka samu, don yawancinsu rigima da mutuwa sun raba su tun da wuri. Bertha, wadda ta fara haɗa su, ta rasu a Disamba 2022 tana da shekara 82.

Na san a cikin masu saurarena akwai uwar da 'yarta take da wata baiwa, ko ta zane, ko ta rubutu, ko ta wasan guje-guje, ko ta murya, tana kuma tsaka mai wuya: in ta hana, ta kashe mata zuciya, in ta saki, tana tsoron abin da zai biyo baya. Labarin nan bai ba da amsa guda ɗaya ba, don kuwa zaɓin da iyayen Velvelettes suka yi yana da tsada. Wataƙila da sun saki 'ya'yansu sun tare a Detroit, da yau sunan Cal Gill kike ji a maimakon wani. Amma dubi yadda fasto ɗin nan ya yi. Ya ɗauki abin da 'ya'yansa suke so da muhimmanci har ya tuƙa mota cikin ƙanƙara, ya je ya ga wurin da idonsa, ya san mutanen da za su yi hulɗa da su, sannan ya kafa sharaɗin da ba a taɓawa, wato makaranta. Wannan hanya ce da kowace uwa da kowane uba za su iya dubawa, ko a wace ƙasa suke.

In kina da waya mai intanet, ko ɗanki yana da ita, ki sa a nemo miki "Needle in a Haystack" ta Velvelettes. Minti biyu da rabi ce kacal. Ki saurari muryar da ke gaba, ki tuna 'yar sakandare ce, sannan ki sake sa ta ki saurari na bayan, masu amshi, ki ji yadda suke ɗauke da waƙar a kafaɗarsu.